Dirkar da Ta Yi Ganye

Ƙas. Ƙarar ba ta fi ta tsinken tsintsiya idan ya karye ba. Inna ce ta miƙa hannu ta rataya ragayar nono a jikin tsohuwar rumfarmu, kamar yadda take yi kowace safiya tun ban san kaina ba, sai itacen ya yi wannan ƴar ƙara, garinsa ya zubo mata a ɗankwali. Ta ɗaga kai ta duba, ta sauke ragayar a hankali, ta ja hannun ƙanwata Ladi muka fito fili. Ba mu kai bakin rumbu ba rumfar ta durƙusa, a natse, kamar tsohuwar raƙuma. Ashe gara ta daɗe da cinye cikin dirkokin, ɓawo kaɗai ta bar mana, muna zama ƙarƙashinsa muna cewa muna da rumfa. Inna ta ce alhamdu lillahi da ba a kan kowa ba, ta kakkaɓe ɗankwalinta, ta ɗauki tsintsiya.

Abin da ya tono mini wannan ƙara shi ne zuwan da na yi gidanmu na haihuwa kwanan baya. Na tarar ƴaƴan ƙanena marigayi sun sayo ƙarafa da kwano daga Maradi za su yi sabuwar rumfa a tsakar gida, sun kira mai walda da injinsa, wai kafin azahar an gama. Ban ga laifinsu ba. Ina ma dajin da za su shiga? Daga Gazawa har Agiye yanzu gona ce ke dafe da gona. Amma a zamaninmu rumfa aikin mako guda ce, kuma kowace dirka, wato itacen nan mai gwafa da ake kafawa ya ɗauki nauyin rufi, an san sunan itaciyar da ta fito da wurin da aka saro ta, kamar yadda aka san dangin mutum. Rumfa ita ce rabin gidan mace. Nan ake daka, nan ake tankaɗe, nan ake kaɗi da kitso, nan yaro ke koyon tafiya yana dafa dirka yana saki. Kakata takan ce duk inuwar da ka zauna, wani ne ya sha ranarta. Yaran yanzu suna zama ƙarƙashin kwano, zafi na dukansu ta sama, ba su san ko a wace ƙasa aka yi shi ba.

Shekarar da tsohuwar rumfarmu ta faɗi ta zo daidai da lokacin da aka canza mana tuta a lakol, wato makarantar boko, mushe malaminmu ya koya mana sabuwar waƙa, manya suna ta zancen mulkin kai a bakin kasuwa. Ni dai a gidanmu mulkin kurkunu na sani. Ya kama Baba a ƙafar dama ya kwantar da shi a ɗaki, kullum ana naɗe zaren tsutsar a ɗan kara kaɗan-kaɗan. Inna tana da tsohon ciki. Bazara ta kai inda ta kai, rana tana dukan tsakar gida tun hantsi, ga murhu a fili ba inuwa. Kaka, mahaifiyar Baba, ta tafi ta'aziyya can wajen danginta na Gidan Rumji. Sai aka aika ƙetaren iyaka, garin su Inna, ƙanenta ya zo a kan jakinsa da gatari a kafaɗa. Kawu mutum ne mai yawan dariya, bai san ƙasarmu ba sai hanyar gidanmu. Yana shiga ya leƙa ɗakin Baba ya ce ai kurkunu ma ya san raggo, ba ya kama mutum sai aiki ya taso. Baba ya ce ya gode, shi ma Allah ya kawo masa nasa a ƙafa biyu. Kawu ya ce tunda Nasara ya tafi da ƴan gandun dajinsa, yau daji na talaka ne. Baba ya ce Nasara ne ya tafi, hular ɗan gandun daji tana nan a kan wani. Kar ya taɓa gawo, ya nemi kirya da marke a fadamar gabas, ni zan nuna masa hanya tunda muna hutun lakol.

Akwai wani abu da ya kamata in faɗa a nan, don a lokacin ya daɗe yana damuna. Ni na ɗauka ni ce ƴar fari a gidanmu. To, duk ƙawayena ƴan fari, uwayensu ba sa faɗin sunansu, ba sa kallonsu ido cikin ido, ba sa goya su a gaban mutane. Sai dai a ce «ke», ko «waccan», ko a aiki wani ya kira su. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma a wancan zamani macen da ba ta yi ta ba abin magana ce a bakin rijiya. Amma Inna tana kiran sunana ƙarara, har daga bayan danga ana ji. Nakan ji kunya a madadinta. Na bar wa zuciyata cewa wataƙila mutanen ƙetaren iyaka ba su san wannan al'ada ba. Ban taɓa tambaya ba, don yaro a lokacin ba ya tambayar irin wannan.

Mun fita da sassafe, ni da Kawu da jaki. Dirka shida ake bukata, uku gaba uku baya, na gaban su ɗan fi tsawo don ruwa ya gangara. Kawu ba ya sarar itace sai ya zagaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa da bayan gatari ya saurara, ya gwada tsawon gwafar da tsayinsa. Mun sami kirya uku, marke biyu, da dogayen sandunan da za a gicciya a sama. Ta shida ta gagara. Wadda ke da gwafa karkatacciya ce, wadda ta miƙe ba gwafa. Rana ta take, ruwan gorarmu ya ƙare, Kawu ya ce mu koma, gobe ma rana ce. Ni kuwa don in nuna na san ƙasa, sai na ce akwai gajeriyar hanya ta kufai. Kufan nan tsohon mazaunin garinmu ne, da aka tashi daga gare shi bayan rijiyarsa ta ƙafe, ina goye. Ba a hana mu zuwa ba, amma ba ma zuwa. Babu komai sai tuddan tsofaffin ɗakuna, da jujin toka, da bakin rijiya da aka toshe da ƙaya. Mun shiga daidai lokacin da inuwar mutum ke maƙalewa ƙarƙashin ƙafarsa, lokacin da tsofaffi ke cewa a kira yara cikin gida. Kurciyoyin da ke kuka tun safe suka yi shiru. Iska ta tsaya. Ba abin da kake ji sai kofaton jaki a rairayi da jan itace a bayansa.

Nan na hange ta, bayan wani suri, ita kaɗai: itaciyar dashi, ba ganye ko ɗaya, a miƙe, kaurinta kamar cinyar mutum, da gwafa mai kyau daidai kan Kawu, sai ka ce don rumfa aka halicce ta. Ni na nuna masa. Da wannan yatsan na nuna. Kawu ya taɓe baki ya ce dashi ai itacen danga ne, ba ƙwari. Sannan ya share gumi ya ce amma fa in ya kama ƙasa rayuwa yake yi, gara kuwa ba ta cin mai rai. Ya ce, «Madam lakol, yau kin ci kuɗin karatunki.» A gindin itaciyar akwai tsingaron tulu a kife, rabinsa cikin ƙasa. Na tsugunna na tono shi da hannuna na jefar can cikin ciyawa, don kar gatarin Kawu ya same shi ya dakushe. Sara huɗu ko biyar ta faɗi. Ƙaro ya fito daga bakin saran yana ɗiga, wani ƙamshi ya tashi mai kama da turaren wuta, mai sanyi, har ya shiga maƙogwaro. Da Kawu ya zo ɗaura ta a kan sauran, jaki ya ja da baya, ya kwantar da kunne, ya ƙi. An yi lallashi, an yi duka, ya ƙi. Kawu ya yi dariya ya ce jakin nan ya ji labarin mulkin kai, ya saɓa dirkar a kafaɗarsa har gida.

Kwana uku aka yi ana ginin. Kawu ya auna wuri da takunsa, ya kafa tsinke a kowace kusurwa, ya ja igiyar kaba daga wannan kusurwa zuwa waccan don kar rumfa ta fito da ƙugu a karkace. Ya haƙa ramuka da dagi, ni ina kwashe ƙasa da sakaina, har sai hannunsa ya shige zuwa hammata. Gindin kowace dirka sai an babbaka shi a wuta ya yi baƙi, a zuba toka a ramin, a kafa, a dandaƙe ƙasa da ƙotar dagi ana yayyafa ruwa. Ta dashin kaɗai bai babbaka ba, don yana so ta kama. Ya sa ta a kusurwar baya, gefen murhu, inda ba a hango ta daga ɗakin Baba. Aka ɗora sanduna a cikin gwafofi, aka ɗaure da ɓawon kalgo da Inna ta jiƙa tun jiya, aka jera karan dawa, aka shimfiɗa zana a sama. Har yau ina jin ƙarar ɓawon nan idan Kawu ya taka da ƙafa ya ja, da ƙamshin sabon kara. Da aka gama Inna ta dama fura muka sha a sabuwar inuwa, Baba ya sa albarka daga ɗaki. Washegari aka ce an yi ruwa a ƙetare, Kawu ya hau jakinsa ya tafi shuka.

Kaka ta dawo bayan kwana goma. Idonta ya yi yana, ba ta gani sai dishi-dishi, amma hancinta da kunnenta ba abin da ke wuce su. Ta shiga rumfa tana shafa dirkoki ɗaya-ɗaya tana faɗin sunansu, wannan kirya, wannan marke, tana yaba aikin. Da ta kusa murhu sai ta tsaya. Ta shinshina. Ta kai yatsa ta taɓa ƙaron da ya daskare a jikin itacen, ta kai hanci.

«Wa ya kawo muna ƙamshin kushewa cikin gida?»

Inna tana daka a ɗaya gefen. Kaka ta kira ni ta tambaye ni ina aka saro iccen. Na ce a kufai, bayan suri, yamma da matacciyar rijiya. Ta ce ko akwai wani abu a gindinsa. Na ce tsingaro. Sai na ji taɓaryar Inna ta tsaya a sama. Bugu ɗaya kawai ta rasa, sannan ta ci gaba da daka kamar ba komai. Kaka ta ce wa ya nuna shi. Na ce Kawu ne ya gani da kansa, shi ya sare, shi ya jefar da tsingaron. Ƙaryar ta fito da sauƙi, don Kawu yana can nesa.

Da la'asar ɗin ranar, tana kaɗi ina riƙe mata auduga, Kaka ta gaya mini cewa ba ni ce ƴar fari ba. Akwai wana. An haife shi a kufai, kuma bisa al'ada tun kafin yaye aka miƙa shi ɗakin Kaka. Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutum ba. In ya rarrafo ya kama zanenta sai ta zame ta kau da kai, mata su ce kai, yarinyar nan da kunya take. Ya fara tafiya ke nan baƙon dauro ya shigo gari ya ɗauke shi, a cinyar Kaka ya cika. Inna ba ta yi kuka a fili ba, don wanda ba a faɗin sunansa ba a yi masa kuka a gaban surukai. Mata kuma ba sa bin gawa. Baba ne da maza uku suka kai shi bayan gari, ya kife tsingaro a kai, ya karya reshen dashi ya soka don ya riƙa gane wurin. Reshen nan ne ya girma shekara da shekaru, shi muka saro.

Kaka ta kafe cewa sai an cire dirkar an mai da ita inda ta fito. Mace mai ciki ba za ta zauna ƙarƙashin iccen kushewa ba, in ji ta. Ta riga ta rasa ɗaya a hannunta, ba za ta zuba ido ta rasa wani ba. Baba ya yarda, amma ba mai cirewa. In ka zare dirkar kusurwa ba ka tallafe ba, rumfa duka za ta biyo ta, kuma abu ne da ba a so maƙwabta su ji. Aka ce a jira ƙafarsa ta warke, a je kufai a gyara kabarin, a kafa ta a can. Kafin nan Kaka ta hana kowa zama a wannan kusurwa.

Ruwan farko ya sauka. Bayan kwana bakwai na ga wasu ƴan tsanwaye sun fito a jikin dirkar, ƙanana kamar kunnen ɓera. Kafin a gama noman farko ta yi ganye har ya leƙa ta saman zana. Na san halin dashi ne, mushe ma ya taɓa nuna mana a gonar lakol, amma sanin bai hana tsigar jikina tashi ba duk sanda na zo ɗaukar wuta. Awakinmu da ke cin har igiyar shanya ba su taɓa ganyen nan ba. Na lura kuma turmin Inna yana matsawa. Yau yana nan, gobe ya ƙara taku ɗaya, har ya isa gefen dirkar. Ba ta kallonta. Ko da wasa ban taɓa ganin ta ɗaga ido ta dube ta ba. Amma in za ta yi alwala sai ta ɗauki butarta ta tsugunna a nan, ta ba itacen baya, ruwan yana gangarawa gindinsa. Sai daga baya, da na yi nawa ƴaƴan, na gane irin zaman da take yi: haka uwa ke zama kusa da ɗan fari.

Sannan ga Ladi. Shekararta huɗu a lokacin. Ta ɗauki ɗabi'ar zama a kusurwar da tsakar rana, lokacin da kowa ya kishingiɗa, tana surutu ƙasa-ƙasa tana dariya. In an ba ta fura sai ta rage a ludayi ta ajiye a gindin dirkar. Wata rana Kaka ta tsawata mata, ta ce wa take bar wa. Ladi ta ce yaron nan. Ta ce ba ya magana sosai, kuma in yana tafiya ƙafarsa na yin cin-cin. Kaka ta miƙe, ta laluba ta shiga ɗakinta, na ji tana buɗe adudu. Ta daɗe a ciki. Da ta fito hannunta a dunƙule yake, ta zauna a bakin ƙofa har aka kira la'asar. Ni mace ce mai tsoron Allah, na yi karatun lakol har kwalej, kuma na san yara suna tsintar zance a bakin manya su mai da shi nasu. Na san wanda ya mutu ya tafi ga Ubangijinsa, ba ya dawowa ya zauna a itace. Abin da na ji dai shi zan faɗa: sau ɗaya, da rana tsaka, ina tsince wake ni kaɗai a rumfar, na ji ƴar ƙara siririya a bayana, cin, cin, cin, kamar taku uku, ta tsaya. Maƙwabtanmu suna da ɗan akuya mai ƙararrawa. Wataƙila shi ne. Ban waiwaya ba.

Sai da gero ya kai gwiwa Baba ya iya taka ƙafarsa. Ya ɗauki sanda, ya biya wa liman, suka tafi kufai. Shekarun nan kowa ya haukace da gyaɗa, don ita ce ke kawo kuɗi, ana ta sheme duk inda aka samu. Sun tarar wani daga ƙauyen gaba ya share kufan tun kafin ruwa, ya tone kututture ya ƙone, ya baje surin. Gyaɗa ce kore shar daga nan har inda ido ya tsaya. Baba ya yi ta ɗingishi yana auna taku daga bakin rijiya, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Da itaciyar tana nan, da mai gonar ya ga tsingaro ya kauce, don ba wanda ke noma kan kushewa da saninsa. Ba su sami komai ba. Suka tsaya a tsakiyar gona suka yi addu'a ga duk inda yake.

Da suka dawo Baba bai zauna ba. Cikin Inna ya kai watansa, Kaka kuma ta ce ko ba inda za a mai da ita, a cire a kai bayan gari. Ya kawo wani itace ya tallafi kusurwar, ya ɗauko dagi. Inna tana zaune a kan kujerarta ta tsugunno tana tankaɗe. Ta ajiye rariya, ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta je ta tsaya tsakanin Baba da dirkar. A gaban surukarta, a gaban liman da ke tsaye bakin zaure. Ta kai hannu baya ta dafa itacen, har yanzu ba ta kalle shi ba. Muryarta ba ta fi ta mai gaisuwa ƙarfi ba.

«Malam, na san icce ne. Allah ya gafarta mini, na san icce ne. Amma yana da rai ban ɗauke shi ba, ya tafi ban raka shi ba, yanzu ga shi ko wurin babu. Wannan kaɗai ya rage da ya sha ƙasa ɗaya da shi. Ka bar mini.»

Ban taɓa jin Inna ta yi wa Baba magana mai tsawon wannan ba. Baba ya tsaya da dagi a hannu yana kallon Kaka. Liman ya yi gyaran murya ya ce itace ba ya cutarwa ba ya amfanarwa sai da ikon Allah, ɗanyen itace ma tasbihi yake yi. Abin kiyayewa kawai kar a roƙe shi komai, kar a ajiye masa komai, addu'a a yi ta ga yaron. Amma ba maganar liman ake jira ba, kowa ya sani. Kaka ta miƙe. Sannan ta laluba ta zo, ta kamo hannun Inna, ta kwance bakin zanenta ta sa mata wani abu a tafi. Ƴar ƙararrawa ce ta jan ƙarfe, da tsohon zare, irin wadda ake ɗaura wa yaro a ƙafa in ya fara tafiya don a san inda ya nufa. Kaka ta ce, «Riƙe, ɗiyata. Ke ya kamata ta zauna wurinki tun tuni. Mu muka hana ki.» A nan Inna ta yi kukan da ta riƙe shekara goma sha biyu, a tsaye, goshinta a jikin dirkar. Baba ya jingina dagi da danga ya fita.

Bayan kwana tara ta haifi namiji lafiya. A gefen rumfar aka dafa ruwan jego, a jikin dirkar nan ya koyi tsayuwa. Ladi ta daina zancen yaron tun ranar ƙararrawa, da ta girma ma ta ce ba ta tuna komai. Kawu da labari ya kai masa ya zo takanas ya durƙusa ya ba yayarsa haƙuri, ya ɗauki laifin duka. Ya dube ni sau ɗaya, bai ce komai ba, kuma har ya koma ga Allah bai ce ba. Ni ma ban ce ba. An sake rumfar nan ban san sau nawa ba, kirya da marke duk gara ta ci, amma kullum sabuwa a jikin dashin ake jingina ta, har ya zama itaciya mai rassa a tsakar gida. Na yi aure, na haihu, na yi wa ɗana na fari kunya rabi-rabi, ina faɗin sunansa in mun keɓe. Duk azumi ina sa wan nan nawa cikin addu'a, ina kuma neman gafarar tsingaron da na jefar da ƙaryar da na yi. Baba ya tafi, Kaka da Inna sun tafi, Ladi ta tafi, bara jaririn nan, ƙanena, shi ma ya tafi da furfurarsa.

Shi ya sa da na ga gatari a jingine da dashin kwanan baya, hankalina ya tashi, don na gane sare shi za su yi. Ya tare musu layin ƙarafa, in ji su, ga ƙaya, ga shara. Ba wanda ya rage da ya san labarin sai ni. Na yi ta juya abin, ina tsoron kar yaran zamani su ce Gwaggo ta kawo camfi. A ƙarshe na kira babbansu zaure, mu biyu kaɗai, na ba shi labarin kamar yadda kowa ya san shi a da: Kawu ya gani, Kawu ya sare. Ko a nan ban iya faɗin nawa ba. Ya ce, «Gwaggo, ai da kin faɗa tun safe.» Ya fita ya sa aka cike ramukan da aka haƙa, aka matsa da rumfar taku uku gabas. Mai walda ya yi gunaguni, aka ba shi haƙuri.

Da rana ta take, injin ya yi shiru, ma'aikata suka tafi cin abinci. Na ɗauki buta na je gindin dashin na tsugunna. Sai na ji an ja gefen mayafina. Ƴar autar babban nasu ce, ba ta wuce shekara huɗu ba, tun safe tana gidan maƙwabta, yanzu aka dawo da ita. Ba ni take kallo ba, gefen itaciyar take kallo, ƙasa-ƙasa, daidai tsayinta. Sannan ta ɗago ta dube ni.

«Kaka, yaron nan ya ce ke ce kika nuna masa hanyar gida.»